Tayar da Aka Yanka wa Zakara

Ba kowane mai babur ne mahayi ba. A shekarun da kuɗin fetur suka shigo ƙasar nan, har masinjan ofis ya sayi babur, yana zagaya Ƙanƙara da ledar kujera ba a cire ba, don a san sabo ne. Mu ba irinsu ba ne. Mu uku ne, kowa da babbar Honda mai salansa, wato bututun hayaƙi, guda biyu, kuma tafiya mai nisa muka saye su dominta. Ni Rabo, hatsi nake saye ina sayarwa. Sai Alhaji Gide, dillalin shanu, mutum mai baki da son tsokana. Sai Yusufu, mutumin Pauwa, wanda a gidan ubansa Ɗanhausa ake ce masa.

In aiki ya yi sauƙi, sai mu ɗaure jaka a kariyar bayan babur mu kama hanya. Ba sai da dalili ba. Wani lokaci suna ne, wani lokaci kokawa, wani lokaci kuma labari kawai muka ji an zuba sabuwar kwalta a wani wuri, mu tafi mu taka ta. Amma ba mu tashi sai mun taru a rumfata da safe mun duba ƙarafan. A wanke sarƙa da kananzir a ɗiga mata baƙin mai. A kwance fulogi a kankare. A bi wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya da sifana ana ƙwanƙwasawa, wadda ta yi sako-sako muryarta daban ce. Daga ƙarshe a danna taya da babban yatsa. Wanda ya raina wannan aiki, daji zai koya masa.

A kan taya muke faɗa kullum. Alhaji Gide yana son mai ƙananan zane, irin ta kwalta, wadda ba ta ƙara. Ya ce gwamnati ta yi kuɗi, nan da ɗan lokaci har hanyar gona za a zuba wa kwalta. Ni kuwa mai haƙora nake sawa gaba da baya. Tana gurnani a kan kwalta, tana girgiza hannu, amma in aka shiga taɓo tana cizo. Na ce masa ranar da kwaltar ta zo ƙofar gidana zan canza.

Yusufu ba ya shiga wannan gardama. Ta baya, duk wadda ya samu sawa yake, kuma ya canza ta ba sau ɗaya ba. Ta gaba kuwa, wadda babur ya zo da ita daga kanti ita ce dai. Ta suɗe ƙwal kamar tafin hannu, zare ya fara leƙowa ta gefe. Robar ciki faci ne a kan faci. Duk mai hawan babur ya san tayar baya in ta fashe wutsiya babur zai kaɗa ka tsaya, ta gaba in ta fashe da fuska za ka sauka. Na gaya masa da daɗi, na gaya masa da zagi. Har sabuwa na taɓa kai masa gida na aje. Da safe ya zo rumfa, na duba, ashe a baya ya sa ta.

Ran nan na tsare shi. Na ce, "Kai, in mutuwa kake so, akwai rijiya bayan kasuwa, ta fi kusa. Mi ke tsakaninka da wannan tsumma?"

Ya daɗe yana goge tanki kafin ya ba ni labari. Shekarar da auduga ta yi daraja ya kai tasa Daudawa, ya wuce ya sayo babur, ya hau har Pauwa. Ubansa, Baba Audi, Bamaguje ne na gaske, manomi da ake jin sunansa, kuma shi ke riƙe da tsafin gidansu. Tsohon ya zagaya babur, ya sa aka kamo jan zakara, ya yanka a kan tayar gaba, jini ya bi zanen. Ya dafa kafaɗar ɗansa ya ce wannan ƙafa ita za ta fitar da shi, ita za ta maido shi gida. Bayan haka Ɗanhausa ya faɗa cikinmu, ya saba da gari, ya musulunta, ya zama Yusufu, ya dawo Ƙanƙara da zama. Tsohon ya ce shi bai haifi wani Yusufu ba. Goro da riga da aka aika masa, maido su ya yi. In ɗan ya je gaisuwa, sai ya saɓi fartanya ya fita ta bayan gida.

Na ce, "To wannan shirme ne. Ga mai salla kuwa ya wuce shirme."

Ya ce, "Na sani, Rabo. Ba zakaran nake riƙo ba. Ba ka san Baba ba. Duk ranar da ya yarda in shiga gidan can, ba fuskata zai fara dubawa ba, tayar zai duba. In ya ga ita ce, zai san ban zubar da komi da komi ba."

Ban sake kai masa taya ba. Amma duk tafiya ina ɗaukar sabuwar robar ciki a jakata saboda shi, kuma ba na bari ya shiga gaba.

Ƙarshen wata damina muka tafi Sabuwa sunan jikan wani abokin Alhaji. Muka ci, muka kwana. Da safe muna ƙofar gidan muna ɗaure sarƙa sai ga Lawwali, direban wata babbar mota daga Ƙanƙara da ya zo lodin masara. Bai ko gama gaisawa ba ya ce shi Yusufu yake nema.

"Yayarka Asibi ta zo Ƙanƙara jiya da ƙafa. Ba ta same ka ba, ta zo tasha tana tambaya. Ta ce tsohonku yana kwance, ya bar cin abinci. Ya ce a kira mishi Ɗanhausa, yana da magana da shi. Ta ce in gaya maka kada ka tsaya ko shan ruwa."

Yusufu ya miƙe da sifana a hannu. Ya ce, "Shi ya ce a kira ni? Da bakinshi?"

"Haka ta ce."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi haske da tsoro a lokaci guda ba sai ranar. Ya buga wa babur kik tun jakarsa ba ta gama ɗauruwa ba.

Daga Sabuwa zuwa Pauwa ba nan kusa ba ne, amma ga babura irin namu, in an tashi da hantsi, ana iya yin azahar a can. Muka bar hanyar mota muka yanke ta daji zuwa Faskari don ta fi kusa. Hanyar an fara share ta, 'yan kwangila sun sare itatuwa sun tafi sun bar kututture cikin ciyawa. Ranar na kasa hana shi shiga gaba. Yana ta ba babur wuta, mu muna shan ƙasar da yake watso mana. Muna hango duwatsun Faskari na ga kan babur ɗinsa ya yi rawa, ya sa ƙafa ƙasa, ya tsaya da ƙyar.

Kututture ya yanke tayar ta gefe, tsawon ɗan yatsa. Muka ɗaga babur, muka fidda wili, muka ɓanɓare taya. Na goge robar ciki da dutse, na shafa sholisho, gam ɗin faci, muka zauna muna hura shi ya sha iska. Wannan jira ba a gaggauta shi, in ka manna da ɗanye zai tashi. Alhaji ya yanko ƙyallen tsohuwar taya da yake yawo da shi, muka shimfiɗa ta ciki a kan yankan. Muka ba ta iska da famfon hannu. Kafin mu gama rana ta hau sosai.

A Faskari akwai mai faci a bakin kasuwa. Muna isa na hango sabuwar taya rataye a rumfarsa, mai haƙora, daidai wilin Yusufu. Na sha gabansa na tsaya.

"Sauka. A sa maka waccan."

"Wanga za ta kai ni."

"Ba za ta kai ka ba. Na ga cikinta da idona, ba komi sai zare."

Alhaji ya ce, "Haba ɗan gidan zakara! Ka sa sabuwar mana, in mun isa ni zan saya maka wani zakaran, har da kaza ta raka shi."

Yusufu bai yi dariya ba. Ya ce, "Alhaji, don Allah bar ni."

Na ce, "To ka rataya tsohuwar a wuya ka kai mishi. Ko ka bar babur ɗin nan ka hau bayana. Ko ka karɓi nawa, ni in lallaɓo da naka. Zaɓi ɗaya."

"Kai ba ka gane ba. In na shiga gidan can bisa babur ɗin wani, ko da taya a wuya kamar mahaukaci, mi zai gani? Zai ce abokan nan nashi da suka ɗauke shi, su suka kawo shi. Ni nake son in kai kaina, yadda ya sallame ni."

Mai facin yana tsaye da tayar a hannu, ya riga ya sauko da ita, yana kallonmu. Na ji kamar in kwaɗa wa Yusufu mari. Amma mutum ne da furfura a gemu kamar ni, ba a marinsa a kasuwa.

Alhaji ya daina wasa. Ya ja ni gefe ya ce, "Rabo, wanga ba zai ji ba. Bari in tahi gaba in shaida ma tsohon yana bisa hanya, ko ya ƙara ƙarfin rai. Kai ka biyo da shi." Ya ta da babur ya wuce. Ƙararsa ta daɗe a kunnena kafin ta ɓace.

Muka biyo a hankali. Wajen Daudawa muka hau kwalta, kuma nan na fi jin tsoro. Rana ta take, kwalta ta ɗauki zafi, faci kuwa ba ya son zafi. Na ce ya rage gudu. Ya rage na ɗan lokaci, sannan na ga hannunsa yana murɗawa. Ban ga laifinsa ba, hanya ce shimfiɗe ba kowa, ga uba yana jira. Ba mu yi nisa ba na ji tas kamar bindiga. Babur ya ɗebe shi ya yi gefen hanya, ya kwanta da shi cikin tsakuwa. Allah ya sa ba mota a baya.

Ya tashi gwiwa a saɓule, wando ya yage, jini yana bin ƙwauri. Ko kallon ciwon bai yi ba, wili ya nufa. Robar ciki ta tsage doguwar tsaga, ba wurin faci. Na fiddo sabuwar da nake ɗauke da ita na jefa masa. Yankan gefen taya ya ƙara buɗewa har hannu yana shiga. Ya huda gefe da gefe da ƙusa, ya ɗinke da waya kamar baduku. Ina tsaye ina riƙe masa babur ina kallon gabas. Tun da muka bar Faskari akwai wani ɗan baƙi-baƙi a gindin sama, yanzu ya fara tasowa.

Na ce, "Ka ga hadari?"

"Na gani."

"Ka san rafin da ke gabanku in ya kawo ba ya jin magana."

"Za mu riga shi."

Muka yi azahar a gefen kwalta a gaggauce, muka ci gaba. Inda muka sauka daga kwalta muka kama burji zuwa Ƙanƙara, hanyar duk kunya-kunya ce saboda manyan motoci. Ɗinkin waya ya riƙa cin sabuwar robar ta ciki. Na san haka za a yi, na kuma faɗa. Iska ta fita a hankali, sannan gaba ɗaya. Babu sauran roba a jakar kowa.

Sai ya yi abin da masu keke ke yi in sun rasa yadda za su yi. Ya shiga gefen gona ya riƙa tuge ciyawa, yana murɗawa yana cusawa cikin taya, yana dannawa da sifana har ta cika ta yi tauri. Keke yana tafiya a haka. Babur mai nauyin ɗan maraƙi kuwa, tafiyar ba ta fi sassarfar jaki ba. Kan babur yana fizgarsa hagu da dama, ciyawa tana dakuwa tana zubowa ta yankan kamar dusa, sai mu tsaya a ƙara. Wasu mata masu tallan nono muka wuce su, muka tsaya cusa ciyawa suka wuce mu, suna rufe baki da gyale.

A Ƙanƙara mutanen tasha suka ce Alhaji Gide ya wuce tuntuni, ko tsayawa bai yi ba. Garinmu ne, akwai taya, akwai roba, akwai babura na aro ko'ina. Na ce masa ko robar ciki ce a tsaya a sa. Ya ce tayar ba za ta riƙe roba ba kuma, ɓata lokaci ne, saura kaɗan ai. A wannan ya yi gaskiya, ba za ta riƙe ba. Na ce to hau bayana. Ya yi kamar bai ji ba, ya karya kan babur ya kama hanyar Pauwa.

Iska ta taso, dawa ta riƙa kwanciya a gonaki, gari ya yi duhu kamar an kife ƙwarya. Muna cikin wani gangare wayar bakin tayar ta tsinke. Tayar ta fita daga wili, ta naɗe, ta cushe ƙarƙashin madigadi, murfin saman wili. Wili ya tsaya cak. Yusufu ya tashi ta kan babur ya faɗi da kafaɗa. A daidai nan ruwa ya sauko, manyan ɗigo masu zafi a fata.

Na sauka na ɗaga shi. Ya fizge, ya durƙusa yana jan tayar da hannu, yana neman igiya a jaka wai zai ɗaure ta a jikin wili. Abin da yake riƙe da shi ba taya ba ce kuma, baƙin tsumma ne da waya da ciyawa.

Na kama wuyan rigarsa na miƙar da shi. Na ce, "Kai Ɗanhausa!" Ban taɓa kiransa da sunan ba. "Ubanka taya ya ce a kira mishi, ko kai? Yana can yana ja da rai, kai kana nan kana ɗinkin roba tun safe. Wallahi ko ka hau bayana ko in tahi in bar ka nan."

Ya tsaya yana kallona, ruwa yana bin gemunsa. Sannan ya saki igiyar. Muka tura babur ɗinsa gindin wata ɗorawa kusa da bukkar wani manomi, muka ce a duba mana. Ya hau bayana. Tayata mai haƙora ta kama taɓon nan tana watsawa, ban sa ƙafa ƙasa ba ko sau ɗaya. Ina jin goshinsa a bayana.

Tun kafin mu ga rafin muka ji shi. Wurin da kullum muke ratsawa ruwa bai kai cibiyar wili ba, yanzu ya cika baki da baki, ja wur, yana tafe da rassa da karan dawa. A bakin gangaren ga sawun tayar Alhaji, ƙananan zane, ruwa yana cinye shi. Shi ya wuce tun rafi yana yashi.

Akwai mutane kaɗan a gaɓa suna jira, masu dawowa daga kasuwa. Yusufu ya fara tuɓe riga zai faɗa. Wani dattijo a cikinsu ya riƙe masa hannu ya ce, "Ɗana, in ka shiga yanzu sai dai a tsince ka a ƙasar wasu. Ruwan tudu ne, yana zuwa da fushi, yana kuma saurin wucewa. Jira."

Muka jira. Muka yi la'asar a jiƙe a kan wani falalen dutse. Dattijon ya kafa kara a bakin ruwa, muna kallon yadda ruwan yake ja da baya daga jikinsa. Yusufu ya kasa zama. Ya je ya duba karan, ya dawo, ya koma. Can ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Rabo, kana jin mi zai ce mani?"

Na ce ban sani ba.

"Mutum ba ya kiran ɗa daga nesa don ya zage shi. Ko yana yi?"

Na ce ban san ubansa ba, shi ya san shi.

Ya ce, "Shi yana iya yi. Amma ko zagin ne ina so in ji."

Ruwan sama ya tsagaita, rafi ya sauka zuwa ƙirji. Na bar babur ɗina a gaɓa wurin mutanen, muka kama hannun juna mu da wasu samari majiya ƙarfi muka ratsa a karkace. Daga can da ƙafa muka ƙarasa. Yana ɗingishi saboda gwiwa, amma da ƙyar nake cim masa.

Gidan Baba Audi ba cikin gari yake ba, yana can tsakiyar gonaki, babban gida mai rumbuna da yawa. Tun daga nesa muka ji kukan mata. Sannan aka fara buga ganga, a hankali, bugu ɗaya-ɗaya. Yusufu ya tsaya a kan kunya. Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya ci gaba da tafiya, amma ba da sauri ba kuma.

Alhaji Gide ya taro mu a bakin danga, hula a hannu. Ya ce, "Yusufu, sai haƙuri. Allah ya yi mishi cikawa."

"Yaushe?"

"Ruwa na cikin sauka."

"Ka same shi da rai?"

"Na same shi. Da hankalinshi sarai. Na ce mishi kana bisa hanya, kana nan tahe bayana. Ya ce a fiddo shi. Aka shimfiɗa mishi tabarma nan ƙofar gida, aka jingina shi yana kallon hanya. Ya daɗe nan. In aka yi cida sai ya ɗaga kai, yana tsammani ƙarar babur ce. Da ruwa ya sauko aka ce a maida shi ciki, ya ƙi, sai da aka ɗauke shi da ƙarfi." Alhaji ya juya hular a hannunsa. "Da na sani da ban ce mishi kana kusa ba."

Asibi ta fito, mace doguwa, ta manyanta, zani ɗaure a ƙirji, ido ya kumbura. Ta dubi ƙanenta daga sama har ƙasa, taɓo da jini da yagaggen wando.

"Sai yanzu, Ɗanhausa?"

"Yaya, mi ya ce? Wace magana ce?"

"Bai faɗa ba."

"Ko ke bai faɗa maki ba?"

"Na tambaye shi. Da na ga numfashi yana sarƙewa na ce Baba, faɗa mani in aje mishi. Ya ce ba tawa ba ce, ta kunnenka ce."

"To fuskarshi fa? Da ya ce a kira ni, cikin fushi ya ce, ko kuwa?"

Ta yi tunani da gaske, ba ta so ta yi masa ƙarya. Ta ce, "Ka san fuskar Baba. Ɗaya ce kullum."

Yusufu ya nufi ƙofar ɗakin da gawar take. Ƙanensa Labaran, wanda ya zauna gida ya riƙe gona da tsohon, yana tsaye a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba, kuma ban ga ƙiyayya a idonsa ba. Ya ce, "Yaya, an fara shirya shi. Ka san wanda ke shiga yanzu sai wanda ke cikin tsafin gida. Da ka same shi ya ce ka shigo, ba mai hana ka, ni zan fara kauce maka. To bai ce ba. Ni kuma ba ni da ikon in faɗi abin da bai faɗa ba."

Yusufu ya ce, "Fuskarshi kawai zan gani."

"In an fiddo shi gobe ka gani, tare da jama'a."

Yusufu ya juyo. Aka shimfiɗa mana tabarma a waje, gindin rumbu, inda ake saukar da baƙi. Muka zauna mu uku. Mutane suka fara zuwa daga gidajen da ke kewaye, maza da sanduna, mata da ƙore a ka. Suna zuwa sai su yi mana sannu da zuwa, su wuce ciki wurin Labaran su yi gaisuwar mutuwa. Wasu tsofaffi sun gane shi, suka ɗan tsaya, suka rasa wace gaisuwa za su yi masa, suka wuce.

Wata yarinyar mace, matar ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan, wadda aka auro bayan ya tashi, ta zo da ruwa a ƙwarya. Da ta matso ta ga hulunanmu sai ta koma da sauri. Ta dawo da wani farin kwano mai murfi, wanda irin gidajen nan suke ajewa daban saboda baƙi Musulmi, ba a taɓa zuba giya a ciki ba. Ta durƙusa ta ba Alhaji, ya sha ya miƙo mini, na sha. Ta karɓa ta miƙa wa Yusufu da hannu biyu, ta ce, "Sannu da hanya, Malam. Daga ina?"

Ya riƙe kwanon yana kallon ruwan. Ya ce, "Daga Ƙanƙara."

Ya sha, ya miƙa mata, ta rufe ta koma ciki.